Haƙorin Auta

Haƙori ɗaya tak wata masaniyar sinadarai ta shigo da shi ɗakin gwaji, naɗe a auduga. Na Auta ne, 'yar yayanta, wadda gubar dalma ta daskarar wa da magana tun suna zaune bayan masana'antar narka batir. Masu masana'antar sun ce a kawo hujja, wai ƙila fentin gidan ne. Jininta ya riga ya manta da gubar tunda an tashi daga unguwar, amma haƙorin yarinta yana riƙe da abin da jiki ya sha.

Dalma kuwa ba duka ta taru ta zama ɗaya ba. A cikin ƙwayoyinta akwai masu nauyi, akwai marasa nauyi, kuma kowace dalma da irin haɗinta. Na'urar ɗakin gwajin takan ƙona samfur, ta harba ƙwayoyin ta gaban maganaɗisu, marasa nauyi su fi lanƙwasa, sai ta ƙirga kowane kashi daban. Da haka ake gane ta fenti da ta batir.

Ta narkar da haƙorin a asid, ta jera kwalbar a layi, aka kira ta taro. Da ta dawo sai ta tarar da abokin aikinta, wanda ake kira Gaggawa, yana washe baki.

"Albishirinki! Na taya ki. Dalmar batir ce, sak!"

Ta dube shi. "Me ka sa kafin nawa?"

"Ƙurar masana'antar mana, don a kwatanta."

"Ka wanke na'urar a tsakani?"

Ya sosa ƙeya. Ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani ce: bayan samfur mai ƙarfi sai an zura tsabtataccen asid har na'ura ta daina ganin komai. Shi kuwa gogan naka, sauri ya haifi nawa, ya ɗora haƙori a kan ragowar ƙura, ya zuƙe kwalbar tas.

"To ai amsar da kike so ce ta fito," in ji shi.

Nan ranta ya ɓaci. "Amsar da nake so? Ka dafa shayi a tukunyar kifi, ka ce min ruwan ne ke ƙarni? Ƙurarka na'urar ta gani ko haƙorin yarinyar? Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, kuma lauyansu tambayar da zai fara yi ke nan!"

"Wa zai gaya masa?"

"Ni!" Ta goge sakamakon a gabansa, ta fice ta bugo ƙofa.

A gidan yayan nata ma ba ta huce ba. Tana tsaye a falo tana zazzaga masa bayani, tana tsine wa gaggawa da mai sunanta, sam ba ta lura Auta ta shige ɗaki ba. Haƙorin yarinta guda ne ya rage wa yarinyar, ko girgiɗi sosai bai fara ba.

Can sai aka ja mata gefen zane. Auta ce, jini na bin haɓarta, ta buɗe tafin hannu. Ta daɗe tana kokawa da kalmomin kafin su fito.

"Goggo, daina faɗa. Ga wani."