Wankan Sama'ila

Malam Modu ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga telgiram a gidan waya na Damagaram, aikin da ya koya masa cewa labarin mutuwa ba ya son yawan kalmomi. Da ya yi ritaya sai ya koma noma a Hamdara, ya bar amininsa Sama'ila baduku a Birni, cikin ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun. Tun suna samari suka yi alkawari, wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka.

"Kai Babarbare, kada ka zo a makare," in ji Sama'ila ranar rabuwa. "Na san ka, ko telgiram ɗinka sai ya kwana."

"Kai dai ka mutu da safe, sauran ka bar mini."

Saboda wannan alkawari ne Kaltuma, 'yar Malam Modu, wadda ta karanta ilimin ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta haɗa wata ƙaramar manhaja. Layi uku kawai take kawowa: sunan mamaci, unguwarsa, lokacin jana'iza. Idan salular Malam Modu ta yi ƙara, ya san an yi rashi, sai ya ajiye hauya.

Jama'a suka karɓe ta. Wani kamfani ya ɗauki Kaltuma aiki tare da manhajar, aka ƙara sanarwar aure da suna, aka ƙara hotuna da bidiyo, da tallar taki, da sakamakon kokowa. Salular da a da takan yi mako ba ta motsa ba, ta koma kuka sau ashirin a yini.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar maimai, ta yi ƙara. Ya buɗe. Manhajar ta ce sai an sabunta ta, rezon waya kuwa a Hamdara ba ƙarfi. Ya tsaya cikin rana har hoton wata amarya ya fito rabi, ya yi tsaki, ya mayar da ita aljihu.

Sai da la'asar wani direba ya tsaya bakin gonar ya yi masa ta'aziyyar Sama'ila, yana zaton ya sani.

Ya iso Birni an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Husaina, matar marigayin, ta yi masa magana daga bayan labule.

"Malam, mun riƙe shi har azahar. Liman ya ce zafi ya yi yawa."

"Wa ya yi masa wanka?"

"Mahamud, maƙwabcinmu. Bai san ciwon kafaɗarsa ba, na dai ce ya bi a hankali."

Kaltuma na nan cikin mata. Ta fito ta durƙusa gabansa.

"Baba, saƙon ya tafi ƙarfe tara da minti goma. Na duba."

"Ya zo, uwata. Ni ne ban gan shi ba."

"Na gaya wa masu kamfanin a ware na mutuwa daban, suka ce mutane ba za su riƙa buɗe sauran ba."

Malam Modu ya miƙe. Ya nemi buta ya yi alwala, ya tambayi wane gefen maƙabarta ne. Aka ce a raka shi, ya ce a'a, sabon kabari ba ya ɓuya.