Ƙofar da Baba Kunne Bai Ji Ba

Shekara talatin da ɗoriya Baba Kunne yana gyaran makullan ƙofofin mota, kuma bai taɓa kwance ƙofa don laluben ciwo ba. Sai dai ya ce a danna rimot, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya runtse ido. Injin kulle mai lafiya ƙwas yake yi, ya yi shiru. Wanda haƙoran robarsa suka cinye kuwa, bayan ƙwas ɗin sai ya ja wata 'yar ƙara siririya kamar kukan sauro. Wannan ƙarar ce ta ba shi suna, ita ce kuma ta riƙe masa bencinsa a garejin ɗan wansa, wanda kowa ke kira Manaja.

Tun bara sauron ya daina yi masa kuka. Ƙarar wayarsa ce ta fara ɓacewa, sai muryar jikarsa in ta kira shi daga ɗaki. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. A gareji ya samo dabara: yana kara kunne kamar kullum, amma tafin hannunsa ne ke sauraron bugun ƙofa. Sau biyu a wata guda aka dawo masa da aiki. A na biyun Manaja ya ja shi gefe.

"Baffa, ba raini ba ne, amma mutane sun fara magana. In aka sake, sai dai ka koma sito ka riƙa miƙa kaya."

Siton ɗaki ne marar taga, kujera ɗaya da kwalaye har rufi. Can ake kai wanda aka gama da shi amma ana jin kunyar sallamarsa.

Ranar Talata da hantsi wata malamar makaranta ta kawo motarta.

"Baba, in na kulle ta sai ta kullu, kafin in juya baya ta sake buɗe kanta, duk ƙofofin huɗu. Jiya har jakar littattafan yara aka ɗauke min."

"Ƙofa ɗaya ce ke ruɗa sauran, 'yata. Za mu kamo ta."

Ya duba fis ɗin wutar motar, ya canja batirin rimot, ya zare robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, bai ga wadda ta tsinke ba. Saura injin kulle ke nan, ɗaya cikin huɗu. Ya goge hannunsa a tsumma ya durƙusa.

Dogo mai fenti, abokin tsokanarsa, ya leƙo daga rumfarsa inda injin iskar feshin fenti ke ta ruri. "Kowa ya yi shiru, likita zai auna marar lafiya."

"Kai dai je ka ci gaba da shafa wa gwangwani hoda."

Malama ta danna rimot. Ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kunne a ƙarfe, tafi a ƙarƙashinsa. Huɗun duka bugu ɗaya suka ba shi. Ya sake zagayawa. Ƙofar baya ta dama kamar bugunta ya ɗan yi sanyi, ko kuwa shi ne yake son ya yi. Manaja na tsaye a bakin ofis da kofin shayi, yana kallo.

"Wannan ce," in ji Baba Kunne.

Hannunsa dai bai tsufa ba. Ya kwance sukurorin, ya ɓalle marfin ciki ba tare da ya karya ko maɓalli ɗaya ba, ya yaye ledar a hankali. Ya zura hannu cikin duhun ƙofar, ya saki sandunan ƙarfe biyu da ke haɗe da injin kulle, ya cire soket, ya kwance sukurori ukun gefe, injin ya faɗo tafinsa. Ya ɗaura sabo, ya mayar da komai, ya goge tabon yatsa a gilashi. Kafin ya gama Dogo ya kashe injin iskarsa ya zo kallo, garejin ya yi tsit.

"Danna mu gani, 'yata."

Motar ta kullu. Aka ɗan jima, ta buɗe kanta.

Dogo ya dubi Manaja, Manaja ya dubi cikin kofinsa.

"Baba, ko wannan 'yar ƙarar ce matsalar?" in ji malama.

"Wace ƙara?"

Sai da ta fita daga bakinsa ya san abin da ya faɗa. Ya koma benci, ya buɗe injin da ya cire. Haƙoransa fari tas, ba ko ɗaya da ya lanƙwasa. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya ɗago kai.

"Dogo, wace ƙofa ce?"

Dogo bai yi tsokana ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya dafa ƙofar direba kawai.

Baba Kunne ya cire sabon injin daga baya, ya mayar da mai lafiyar gurbinsa. Ya kwance ƙofar direba, aka kawo wanda ya dace da ita, ya ɗaura. Tsohon da ya fito haƙoransa sun zama gari. Malama ta danna sau biyar, motar ta kullu ta zauna a kulle. Ta yi godiya tana kauce wa idonsa.

Da ya dawo daga wanke hannu ya tarar da makullin sito a kan bencinsa, kusa da sukudirebansa. Manaja ya shige ofis ya rufo ƙofa.

Ya kwashe kayan aikinsa a akwati, ya kai su siton, ya tura ƙarƙashin kujera ya zauna. Da rana ta yi, Dogo ya zo neman takardar goge fenti. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba Kunne." Tsohon na zaune ya ba shi baya, yana karanta lambobin jikin kwalaye. Dogo ya sake kira. A na uku sai ya shiga ya taɓa kafaɗarsa.