Jan Tabo a Filin Majami'a

Majami'armu ta Fadan Kagoma za ta gina hasumiyar ƙararrawa, aka ɗauko Injiniya Clara daga Kafanchan. Kwana biyu tana huda filin, tana kafa wayoyi. Ranar Lahadi bayan sujada ta buɗe kwamfuta gaban dattawa, sai ga cikin ƙasarmu hawa-hawa kamar an yanka burodi. A kusurwar da hasumiyar za ta tsaya akwai wani jan tabo.

"Nan ƙasar ba ta da ƙarfi," in ji ta. "In kuka ɗora gini, ƙararrawar za ta sauko ta gaishe ku."

Ni na san tabon. Shekara uku da suka wuce, lokacin filin yana daji, na haƙi jar ƙasa a wurin na buga bulo, na cike ramin da shara da tsoffin tayoyi. Dattijo Ishmael, ƙanen babana, shi ke kula da filin. In ya ji, babur ɗinsa da nake acaɓa da shi ya tafi ke nan.

Mama Tamar, shugabar zumuntar mata, ta leƙa kwamfutar. "Asiri ne aka binne! Dubi jansa!"

"Mama, ni na zaɓi kalar," in ji Clara. " In kina so, sai in mai da shi shuɗi."

"Shaiɗan ma yana canja kala."

Nan take aka yanka azumin kwana uku. Na ce amin da ƙarfi.

Clara ta juya hoton da yatsa. "Rami ne kawai, ba wani babba ba. Zurfinsa bai wuce ƙafa biyar ba. Wani malalaci ne ya fara haƙa ya gaji."

"Ƙafa tara ne!"

Sai da maganar ta fita na ji muryata. Sati shida na yi ina haƙan ramin nan ni kaɗai.

Clara ba ta ko ɗago kai ba. Ta goge biyar, ta rubuta tara, tabon ya ƙara nutsewa. "Na gode. Dama wayoyina ba su kai gindinsa ba. Faɗinsa fa?"

Dattijo Ishmael ya miƙo hannu. "Kaleb, makullin babur."

"Baba, azumin fa?"

"An soke. Kai kaɗai za ka yi shi, da shebur."