Turmi Biyu a Leda Ɗaya

Asiatu ba ta taɓa son dillalai ba, amma wanda ta faɗa hannunsa bayan ta haura hamsin ya fi duk waɗanda ta sani rashin kunya. Dillalin kasuwar Bawku aƙalla yana da fuska. In ya zaftare miki la'ada, kina iya tare shi a bakin rumfa ki faɗa masa abin da ke ranki. Wannan kuwa a cikin waya yake zaune. Kasuwa ce ta intanet, mai kaya ya baza hotuna, mai saye ya biya ta waya, ita kuma ta yanki rabonta kafin sauran ya iso hannun mai shi.

Ba da son ranta ta shiga ba. Tun da garin ya koma zaman ɗar-ɗar, yau a buɗe kasuwa gobe a ce kowa ya koma gida, baƙin da ke zuwa sayen atamfa suka ɗauke ƙafa. Mijinta Mutaru, da ke fataucin shanu, ya koma yini a kan tabarma da rediyo a kunne. Shagon nan na cikin waya, da ta yi shekaru tana tara masa yabon masu saye, shi ke ɗora tukunya a gidan. Kuma an riga an yi masa gargaɗi ɗaya, lokacin da aka rufe hanya kayan wata suka makara. An rubuto mata ƙarara cewa ƙorafi na biyu, in bai warware ba, za a rufe shagon.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kuɗin aike. Kasuwar na ɗora shi a kan kowane kaya daban, ta kuma ci la'ada a kansa, kamar ita ke tuƙa motar. In mutum ya sayi abu biyu, leda ɗaya Asiatu ke sakawa, mota ɗaya, don haka takan mayar masa da kuɗin aike na biyun. Ita kuwa kasuwar ba ta mayar da la'adar da ta riga ta haɗiye. Wato duk ranar da Asiatu ta yi gaskiya, daga aljihunta ake biya.

"Ki riƙa barinsa mana," in ji Mutaru. "Su suka caje su, ba ke ba."

"Kuɗin motar da ba a shiga ba, ni ba na ci," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Ana tsakiyar damina aka sayi turmi biyu na wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda ta sayo ta wajen Pusiga, su ne ma na ƙarshe a hannunta. Ɗaya wata Munawara ce daga Yendi, ɗaya wata Fauziya daga Salaga. Sunan ubansu ɗaya. Ba a jima ba Munawara ta kira ta, murya a natse irin ta babbar mace.

"Hajiya, ni ce yayar Fauziya. Mahaifiyarmu ce ta rasu, yayin addu'ar arba'in ne muka saya, atamfar da za mu sa iri ɗaya, mu 'ya'yanta. Tunda nan Yendi za a yi, ki haɗa duka biyun ki turo mini. Ita ki mayar mata da kuɗin aikenta."

Asiatu ta yi mata ta'aziyya. Ba ta ga abin tambaya ba. Tun tana yarinya a rumfar uwarta haka ake yi, in babba a gida ta ce a haɗa, an haɗa. Wa zai kira ƙanwa ya ce, da gaske yayarki take? Ta cusa turmi biyun a leda ɗaya, ta kai ofishin masu aike a tasha, aka ba ta lambar rasit ɗaya. Ta mayar wa Fauziya kuɗin aikenta, kasuwar ta riƙe la'adarta kamar kullum, Asiatu ta ja tsaki ta manta.

Bayan 'yan kwanaki jan rubutu ya bayyana a saman shagonta. Mai saye a Salaga ta ce kayanta ba su iso ba. Kasuwar na son lambar da ke nuna an kai kaya Salaga, ko kuma mai ƙorafin ta janye da hannunta kafin Juma'a.

Ta kira Fauziya. Muryar ta fi ta yayar kaifi.

"Ni na ce miki a haɗa?"

"Yayarki ce ta ce."

"Da kuɗina na saya, da sunana, da adireshina. Da ina son karɓar abu daga hannunta, da ban wahalar da kaina ba. Shekara nawa ba mu gaisa ba, ke kin sani? Salaga na ce a kawo mini."

Ta kashe. Asiatu ta kira Yendi, ta roƙi Munawara ta sa turmin a mota, ita za ta biya. Munawara ta ce, a natse dai, "Kayanta na nan lafiya. In tana so ta zo ta ɗauka, ai ta san gidan ubanta."

Nan Asiatu ta gane. An yi ƙugiya da atamfarta ne don a jawo ƙanwa gida, ita kuma ta zama igiyar. Haushi ya kama ta, amma gajiya ta fi haushin yawa. Ta rubuta wa kasuwar bayani mai tsawo, da rasuwa, da arba'in, da yaya da ƙanwa. Amsa ta dawo nan take, cike da godiya da ladabi, tana neman lambar rasit ta Salaga. Ta sake rubutawa, amsar nan dai ta sake dawowa, ko waƙafi bai canja ba. Ta nemi irin atamfar a gari da wajen abokan cinikinta na bakin iyaka, kowa ya ce ta ƙare.

"Turmi ɗaya zai kai ki har Yendi?" in ji Mutaru da ya ga tana haɗa jaka.

"Ba turmi ba ne, Malam. Abincinka ne."

Ya tashi ya raka ta tasha.

Hanyar ta ci jikinta. Motar ta yi nishi a hawan dutsen Nakpanduri, ta yi ta faɗawa ramukan da ruwa ya cika, sau biyu ana sauke su su taka da ƙafa. Kusa da ita wani mai buhun albasa ya yi ta barci a kafaɗarta. Da ta sauka Yendi ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi komawa daidai.

Gidan ba shi da wuyar samu, an riga an jera tukwane da itace a ƙofarsa. Munawara doguwa ce, idanunta sun faɗa don kuka da rashin barci. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ta yi ta sannu da hanya, har Asiatu ta rasa ta inda za ta fara faɗan da ta yini tana shiryawa a mota.

"Baiwar Allah, ni 'yar kasuwa ce," ta ce daga ƙarshe. "Ban san abin da ya haɗa ku ba, ba na kuma so in sani. Ki ba ni turmin in kai mata. In Juma'a ta wuce, an rufe mini shago."

Munawara ta sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki, ta fito da abu a ninke, ta ajiye a gabanta. Asiatu ta ɗaga. Riga ce da zane da ɗankwali, an ɗinke su tsaf.

Turmi in an sa masa almakashi ya tashi daga kayan shago, duk mai sayar da atamfa ta san wannan. Ta daɗe tana kallon rigar.

"Kin yanka kayan da ba naki ba."

"Na yanka," in ji Munawara. "Na ce in ta zo a ƙurarren lokaci, ina za ta sami tela? Hajiya, uwarmu ta rasu tana kiran sunanta. A kan filin babanmu muka ɓata, filin ma yanzu ciyawa ce a kai. Na kira ta ƙi ɗauka, na aika mutane ta sallame su. Da 'yar kawunmu ta ce mini a shagonki Fauziya ma ta saya, sai na ga ƙofa."

"Kin ga ƙofa, kika bi ta kaina."

"Ki yafe mini."

Asiatu ba ta ce ta yafe ba. Ta ninke kayan ta sa a jaka, ta kwana a gidan don babu yadda za ta yi, da safe ta kama hanyar Bimbila zuwa Salaga. Jar laka ta bi ta taga ta ɓata mata mayafi. Duk inda waya ta kama, sai ta duba shagon, jan rubutun na nan yana jiranta.

Ta iso Salaga ranar Alhamis da la'asar. Fauziya na da ɗan kanti a gaban gidanta, sabulu da magi da man gyaɗa. Mace ce mai jiki, fuskar yayarta sak, sai dai bakin a ɗaure. Ta dubi ƙafafun Asiatu da lakar da ke mayafinta, ta jawo mata kujera. Amma da aka buɗe jakar, fuskarta ta sake haɗewa.

"Turmi na saya. Wannan kuma mene ne?"

"Turminki ne. Yayarki ta ɗinka."

"To ba shi na saya ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma Asiatu ta san ko gaban wa aka je gaskiyarta ce. Ta ji ba za ta iya durƙusa wa sa'ar 'yar cikinta ba, kuma ba za ta iya tashi ta kama hanya ba. Ta jingina da bango kawai.

"Ni na gaji," ta ce. "Laifina ɗaya, ban tambaye ki ba. Na ɗauka 'yan uwa in an haɗa musu kaya an taimake su ne. Kuɗin aikenki na mayar miki, masu waya suka ci nasu a kai, kuɗin motata ya cinye ribar turmin da na wasu goma. In kin janye, na gode. In ba ki janye ba, gobe ba ni da shago. Ki bar ni in huta tukuna."

Fauziya ta miƙa hannu. Ta ɗauki rigar da yatsu biyu, kamar mai duba kifi a kasuwa, ta kara a ƙirjinta. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Dubi. Awona na kafin in haihu. Ko hannuna ba zai shiga ba. Ba ta ma san yadda na koma ba."

Ta juya rigar ciki waje don ta nuna wa Asiatu ƙanƙantarta, sai ta tsaya. A kowane gefe, daga hammata har ƙasa, an bar rarar yadi a ninke, faɗin tafin hannu, an kama shi da ɗinki sako-sako wanda reza ɗaya za ta warware. Babu telan da ke barin haka da kansa, sai an ce masa ya bari.

Ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa. Wata yarinya ta zo sayen magi, ta tsaya, ta gaji ta tafi. Asiatu ta kau da kai ta kalli titi, don ba ta zo Salaga kallon hawayen kowa ba.

"Ina ake dannawa?" in ji Fauziya, tana miƙo wayarta.

Asiatu ta nuna mata. Suka jira abin ya gama juyawa. Da ta duba tata wayar, jan rubutun ya ɓace. A wurinsa kasuwar ta rubuto tana taya ta murnar warware matsala, tare da sanar da ita cewa an cire ɗan wani abu na kula da ƙorafi. Ko tsaki ba ta iya ja ba.

Da safe Fauziya ta fito da ƙullin goro da shinkafa.

"Hajiya, tunda ta Yendi za ki bi, ki haɗa da wannan ki miƙa mata. Na sadaka ne."

"A'a," in ji Asiatu. "Na daina ɗaukar muku kaya. Mai kaya ta bi kayanta. Motar na da kujeru."

Ta saɓa jakarta ta nufi tasha ba ta waiwaya ba. Ta sami gefen taga, ta cire takalmi, ta lumshe ido. Motar na gab da cika ta ji an zauna a bayanta, ƙamshin ɗanyen goro ya taso, sai kuma ƙaramin sautin reza tana bin zare. Ba ta juya ba. Abin da zai faru a Yendi nasu ne, ita Bawku ta nufa, kuma da sauran tafiya.

Sun wuce gonakin doya wayarta ta yi ƙara. An sayi mayafi biyu, ɗaya Nalerigu, ɗaya Gambaga. Saƙo ya biyo baya: ɗayan na ƙanwata ne, don Allah a haɗa a turo mini, a rage mana kuɗin aike.

Asiatu ta kalli saƙon har hasken wayar ya mutu. Ta tuna maganar Mutaru, ta tuna la'adar da za a sake ci mata. Ta san kuma ba za ta iya riƙe kuɗin motar da ba a shiga ba, ko yau ko gobe. Ta kunna wayar, ta rubuta da yatsa ɗaya, motar na jijjiga ta:

"Zan haɗa. Amma turo mini lambar ƙanwar taki tukuna. Kuma ki faɗa mini gaskiya, ku biyun kuna ga-maciji?"