Famfunan Fayyum

Nagwa ta ture kwanon wake gefe, ta shimfiɗa taswirar famfunan ƙauyensu a kan tabarma gaban mahaifinta.

"Baba, nuna min famfon da za ka sha ruwansa."

Abdel-Tawwab ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo. Ja ne, alamar ruwan da dattin masana'antar jima ya gurɓata.

"Kin ji shi," in ji Fathiyya, mahaifiyarta, tana zuba shayi. "Mutumin da tun aurenmu yake kawo min ɗanyen tumatir ya ce ya nuna."

"Kuma kin dafa, mun ci, ba mu mutu ba."

Suka yi dariya. Nagwa dai murmushi kawai ta yi. Ja da kore duk ɗaya ne a idon mahaifinta tun haihuwa. Irin wannan taswira ce a manne a bangon asibitin ƙauyen bara, ya kalle ta, ya ci gaba da shan famfon ƙofar gida har ciwon ciki ya kwantar da shi.

Ta zaro wadda ta zana da kanta: ruwa mai kyau shuɗi, gurɓatacce ruwan goro. Nan take ya nuna daidai, ya sake nunawa, yana ta washe baki.

"Ashe ba ni ne makahon ba, 'yar nan."

* * *

A ofishin ruwa na lardin Fayyum, shugabanta Ustaz Medhat ya riƙe takardar nesa da fuskarsa.

"Aiki ya yi kyau, Injiniya. Amma wannan ruwan goron zai tayar da hankalin mutane. Manya za su gani, su ɗauka gobara ce ta tashi a lardin. Mayar da shi duka kore, wani ya ɗan fi wani duhu."

"Yallaɓai, akwai waɗanda ba sa rarrabe kore."

"Su nawa ne?"

Ba ta ce mahaifinta yana cikinsu ba. Ta nemi alfarma ɗaya: a bar ta ta bambanta siffar alamomin. Ya ɗaga kafaɗa, hankalinsa ya riga ya koma kan wayarsa.

Ta ba shi korensa. Famfo mai kyau ta yi masa zobe mai haske. Mara kyau kuwa ta yi masa gicciye mai kauri, da koren da ya kusa zama baƙi. Ta buga a injin da ba ya fitar da launi, ta ga har a nan ana ganewa. A ranar, da waƙa a bakinta ta koma gida.

* * *

Da aka manna sabuwar taswirar a asibiti, Abdel-Tawwab ya mayar da gabanta wurin zamansa. Duk wanda ya shigo sai ya jawo hannunsa.

"Mai gicciye kada ka sha. 'Yata ce ta zana."

Da safe yakan ɗora jarkoki a kan jaki, ya tafi famfon bayan gonakin zaitun, yana tafe yana gaisawa da mutane. Ƙiba ma ya soma yi. Fathiyya ta ce yawon ne yake so, ba ruwan ba.

Wata Juma'a Nagwa ta raka shi. Suna dawowa suka tarar da Sabah, maƙwabciyarsu wadda ba ta da jaki, durƙushe a famfon ƙofar gida, mai gicciyen, tana cika tulu.

"Na gani, Injiniya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zanen ya fito sarai."

Ta ɗauki tulun ta shige gida.