Inda Motar Baba Take Tsayawa

"Ba zan danna ba, Jörgen."

Majken tana zaune cikin motar mahaifinsu, makullan motar guda biyu a cinyarta, waya a kunne. Allon motar amincewarta kawai yake jira, sai motar ta haɗu da manhajar da ke wayar yayanta can a Stockholm. Daga nan duk inda tsohon ya tsaya, Jörgen zai gani.

"Ke dai da taurin kai aka haife ki," in ji shi. "Mutum ya doshi tamanin, makon jiya ya bar tukunya a wuta. Danna kafin ya farka."

"To me ya sa sai yana barci?"

"Don kin san halinsa mana! Malama mai digiri, a littafinki ba a rubuta cewa tsoho yana ɓata a daji ba? Abin nan zai ɗumama masa mota da sanyi, ya kulle ƙofa in ya manta. Mene ne laifinsa?"

Babu ƙarya a maganarsa, ita ma ta sani. Amma a garinsu Kalix ba a tambayar mutum inda yake tsinkar hjortron, 'ya'yan nan masu ruwan zuma da ke fitowa a fadama. Ko amininka ba ka tambaya. Mahaifinsu Torsten da matarsa Gunvor suna da fadamarsu tun suna saurayi da budurwa, ko 'ya'yansu ba su san hanyarta ba. Tun da Gunvor ta rasu, yake zuwa can ko ba lokacin tsinka ba. Ranar da ya sayi motar ya nuna allon da yatsa ya ce wa Majken, "Wannan magulmacin, kada ki bari a tashe shi."

Ta kashe allon, ta mayar da makullan kan ƙusarsu.

Cikin Satumba tsohon ya fita da hantsi, bai dawo shan kofin la'asar ba. Wayarsa tana kan teburin kicin, inda ya saba barinta. Majken ta bar takardun ɗalibanta, ta ɗauki tata motar ta shiga hanyoyin masu saran katako. Kowace hanya kamar 'yar'uwarta, itace, tsakuwa, itace. Tana tsayawa ta danna oda, ta ƙwala kira har muryarta ta dushe. Jörgen yana ta kira.

"Da yanzu a allo nake kallonsa," ya ce. "Kin huta?"

Ta katse.

Rana na dab da faɗuwa ta koma gidansa, sai ga motarsa a ƙofa. Torsten yana zaune a matakala yana cire takalman roba, wandonsa jiƙe har gwiwa, bokitinsa wayam.

"Ina kika shiga haka, kamar wadda kare ya koro?"

"Baba, so kake ka kashe ni?"

"Hira ce ta yi daɗi da uwarki."

Ta zauna gefensa. "Ni kaɗai ka gaya wa inda fadamar take. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallon safarsa. "Sai na tambaye ta," ya ce, ya miƙe ya shiga ɗora ruwan kofi.

Bai gaya mata ba, ita kuma ba ta danna ba.

Sanyi ya shigo. Kullum da sassafe, kafin ta wuce makaranta, Majken tana biyawa ta gidansa cikin duhu ta kankare ƙanƙarar gilashin motarsa, yatsunta sun sandare. Motocin maƙwabta kuwa suna ɗumama kansu, masu su suna ciki suna shan kofi, wayoyi a hannu. Jörgen bai zo Kirsimeti ba, saƙonninta ma ya daina amsawa.

Ba ta yi nadama ba, gajiya dai ta yi. Ta rasa yayanta, ta rasa barcin safe. Kuma ta san in wata rana tsohon ya fita bai dawo ba, masu nema za su tambaye ta ta ina za su fara, ba ta da amsa, kuma ita ce ta ƙi dannawa.