Takunkumin Tela

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

Wata mata ce mai ɗinki, a shekarar da korona ta hana mutane gaisawa da hannu. Kowa Tela yake ce mata, har mijinta. Shi kuma mai walda ne, a ƙofar gida yake aikinsa, irin mutanen nan da in sun ga abu yana motsi sai su ce bari a ɗiga masa wuta ya zauna wuri ɗaya. Gida ɗaya suke da uwarsa, Inna. Bango ɗaya ya raba ɗakin Inna da ɗakin ɗinki, bangon kuwa na siririn bulo ne, in Inna ta yi atishawa Tela ce ke ce mata sannu.

Bari in faɗa muku abin da ke cin Inna, kada ku ce muguwa ce tun asali. Wata huɗu kafin nan cutar ta ɗauke mata miji. Mota ta zo ta tafi da shi yana haki, ba ta sake ganinsa ba, ko gawar. Takalmansa kawai aka dawo mata da su a leda. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani gudu yake.

Cikin Tela na wata bakwai ita ma ta kamu. Zazzaɓi ya tayar da naƙuda, aka kai ta asibiti aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, bakwaini, da kaɗan ya fi takalmin ubansa tsayi. Sau biyu ana gwada shi, babu cutar a jikinsa. Ya yi kwanakinsa a kwalba, uwar na tatsar nono a ɗan kofi ana ɗura masa, har ya iya kama mama da kansa.

Ranar sallama, wata ma'aikaciyar jinya, gajeruwa mai faɗa da ake kira Sista, ta tare mai walda a bakin ƙofa, don ba a barin kowa shiga. Ta ce masa uwar ta warke, saura ɗan tari. Ta ce ta riƙa wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ba yaro nono, ta kwantar da shi a ƙirjinta ya sha ɗumi. To ita Sista bakinta a rufe yake da ƙyalle, shi kuma ƙarar injin yankan ƙarfe ta daɗe da cinye masa rabin kunne. Kalma biyu ya tsinta, tari da takunkumi, su ya kai gida.

Inna ta ce ai magana ta fito. Wa ake sa wa takunkumi in ba dabba mai ɓarna ba? Tun a ƙofar gida ta fizge jaririn. Tela ta yi bayani har muryarta ta dushe, Inna ta ce nonon mai ciwo dafi ne, an kashe mata miji, ba za a kashe mata jika tana kallo ba. Mai walda ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya hankaɗa matar ɗakin ɗinki ya ja ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce, shi ya ƙera ta. Bai tsaya neman kwaɗo ba. Ya jawo wayar walda ya liƙe ta wuri uku, Tela na ganin tartsatsi ta ƙasan ƙofa tana dukan ƙarfen da tafin hannu har ya ƙona ta.

Abinci ta tsakanin ƙarafan taga ake miƙo mata. Yaro kuma Inna na dama masa madarar gwangwani da ruwan randa tana ba shi a cokali.

Ranar farko kukansa na tsaga bango, da ya tsanyara sai nonon Tela ya kawo, rigarta ta jiƙe. Rana ta biyu ta ji Inna na wanke tsumma ba ƙaƙƙautawa, ta gane zawo yake yi. Ta roƙi mijin ta taga, ta haɗa shi da Allah, ya ce ta yi haƙuri sati biyu ne kawai, ya tayar da injinsa don kada ya ji ta. Rana ta uku kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Da hantsi ta manna kunne a bango, tana jin Inna na cewa, “Haɗiye mana, maigidana, haɗiye.” Ba ta ji kuka ba sam.

Kun san kan keken ɗinki, baƙin nan na ƙarfe? Mai lafiya ma da hannu biyu yake ɗaga shi. Tela ta kwance shi daga teburinsa, ta ɗaure cikinta da ƙyallen wata da ta kawo ɗinki, ta rungumo shi. Mijinta ya liƙe ƙofa, ya manta da bango.

Dukan farko siminti ya zubo. A na uku ta ji abu ya ɓalle a mararta kamar zare ya tsinke, ɗumi ya bi cinyarta. Ba ta duba ba. A na bakwai bulo ya burma, ta ci gaba da maka masa har rami ya isa mutum, ta jefar da keken ta cusa kai.

Inna na jiranta da muciya. Ta sauke mata a kafaɗa, ta ƙara a goshi, jini ya rufe wa Tela ido ɗaya. Tana duka tana kuka tana cewa, “Fita, annoba! Fita!” Tela ta riƙe muciyar ta fizga, tsohuwa ta yi tuntuɓe da fasasshen bulo ta faɗi a kan hannunta, ƙashi ya ce ƙas.

Mai walda ya faɗo ɗakin da tabaran walda a goshi. Ya ga uwarsa a ƙasa, ya ɗauke matarsa da mari har kanta ya bugi bango, ya shaƙo ta ta baya, ya toshe mata baki da hanci da tafinsa wai kada ta yi numfashi a kan yaro. Babban yatsansa ya shiga bakinta. Ta datse. Ya doke ta a ƙeya, bai sa ta saki ba, sai da haƙoranta suka haɗu da ƙashi. Ƙaton nan ya durƙushe yana ihu kamar an taka ɗan akuya.

Ta rarrafa zuwa gado. Yaron ya yi laƙwas, maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe. Ta yage gaban riga ta manna shi a ƙirji. Ya kasa kamawa. Ta matso ɗigo ɗaya a harshensa, ta ƙara wani, ta ƙara wani. Can maƙogwaronsa ya motsa.

Maƙwabta da suka ji rushewar bango ne suka kwashe su huɗun a mota ɗaya zuwa asibiti. Aka sa wa yaro ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don ta hannu ta ɓuya. Aka sake ɗinke Tela. Sista kuwa ta samu mai walda a benci ana naɗe masa yatsa, ta tsaya a kansa, wannan karon ta ɗaga murya yadda kurma ma zai ji. Ta ce cutar da suke tsoro ba ta taɓa yaron ba, ruwan randa da yunwa ne suka kusa kai shi kabari.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ke kika ce a sa mata takunkumi.”

Ta ce, “Na ƙyalle na ce, malam, ba na ƙarfe ba. Da shi ka sa mata, da yanzu yatsanka na nan lafiya.”

Yaro ya yi kwana tara ya fito, a ƙirjin uwarsa. Ya yi jinkirin zama, amma da ya tashi tafiya sai da aka riƙa ɓoye almakashi. Tela ta yi wata biyar a gidan yayarta kafin ta yarda ta koma, kuma sai da aka cire ƙofar ƙarfen tukuna. Tabon goshinta na nan. Hannun Inna ya ɗoru a karkace, ba ta iya tuƙin tuwo, ba ta kuma taɓa ba da haƙuri da baki ba, sai dai ita ke goyon yaron in ɗinki ya yi yawa. Yatsan mai walda bai sake lanƙwasuwa ba. Ramin bangon ba a toshe shi ba, gyara bakinsa aka yi aka rataya labule.